Littattafai Uku da Kawu Tunau

Daga Wad Madani na dawo da su,
uku, cikin ledar da ta sha rana.
Ɗaya ruwa ya taɓa cin gefensa,
ɗaya sabo fil, yana ƙamshin kanti,
na ukun ko bango babu.
Muka yi ciniki da mai su
har shayinsa ya huce.

Kawu Tunau ba ya gani yanzu.
Idon da ya bi sawu a gaɓar Dindir
shekara talatin, yana ta rufe shi.
Ya gyara zama a kan angarib, ya ce,
Karanta, 'yar Sa'ude,
in ji abin da masu takarda suka sani.

Na fara da na kyarkeci.
Ƙasar ƙanƙara, dare mai tsawon wata,
garke mai sarki da fadawa,
wai wanda ya sha kaye wuya yake miƙawa.
Ina juya Larabcin zuwa Hausa ina tuntuɓe,
ga zi'ibu a takarda, ga marfa'in a bakin kasuwa,
mu kuwa marfa'in kura muka sani.
Ya ɗaga hannu.
Mutumin nan ya kwana a waje, na yarda,
ana jin sanyi a maganarsa.
Amma sarautar daga garinsu ya ɗauko ta
ya naɗa wa dabba rawani.
Uwa ce da uba da 'ya'ya, shi ke nan.
Ajiye shi a dama.

Na biyun hotuna ne masu sheƙi.
Na kwatanta masa zaki a inuwa,
gada da ƙafa ɗaya a sama,
sai ga shafin kura:
matsoraciya, ɓarauniya, mai dariya a kan gawa.
Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Wannan a mota ya zauna, gilashi a rufe.
Dariya?
Kukan ƙarama ne in babba ta hana ta ƙashi.
Duba da kyau, ya faɗi warinta?
Na duba gaba, na duba baya. Babu.
Wanda bai ji warin kura ba bai kai bakin rami ba.
Ba wa yara su yanke hotunan.

Jabana ta tafasa, na sauke,
aka kira magariba a masallacin Mai Wurno,
muka tashi, muka dawo,
na jawo fitila kusa.

Na ukun ba sunan mai shi.
Wani ne kawai da karensa,
ba hoto, ba sunayen likitoci,
sai yadda karen ke zagaya wuri sau uku kafin ya kwanta,
yadda yake jin takun maigida tun daga kwanar layi,
yadda ya tsufa ta ƙafar baya.
Na jira hannun ya ɗagu.
Bai ɗagu ba.

Na san Ƙyalle, ko da ban gan shi ba.
Shi ne ya bi kwale-kwale da iyo
ranar da kogi ya cika ya yi ja,
shi ne gwaggo ta wanke ƙwarya sau bakwai dominsa
tana mita, tana ajiye masa ƙanzo,
shi ne ya shiga tsakanin Kawu da kububuwa
a gonar dawa.

Sake wurin ƙafar nan, ya ce.
Na sake.
Kofinsa ya huce a hannu bai kurɓa ba.

Na juya, na juya, sai zare.
Kawu, ƙarshen ya yage, shafi nawa ban sani ba.
Gobe in koma wurin mai su?

Bar kuɗin motarki, ya ce.
Ya miƙo hannu, ya lalubi littafin,
ya tura shi ƙarƙashin matashi.
Na san ƙarshen.
Ni na haƙa ramin.